Dutsen Guga: Daga Gawayi Zuwa Lantarki

'Yan uwana mata, muna kiransa dutse alhali ƙarfe ne, kuma kusan babu ɗakin amaryar da ba a jera shi a ciki ba, amma da wuya ki ji wadda ta san daga ina ya fito. Kafin zuwansa, bugu muka sani a ƙasar Hausa: a ninke tufa a ɗora kan gungumen itace, a yi ta dukanta da taɓarya har ta kwanta tana ƙyalli. Har gobe ana yin sa a Ƙofar Mata a Kano, kuma ni dai a ganina babu gugar da take fito da shadda kamar bugu.

Mutanen Sin sun fi shekara 1,000 suna zuba garwashi a ɗan kaskon ƙarfe suna goga shi kan tufafi. Turawa kuwa dunƙulen ƙarfe suke ɗorawa kan murhu, in ya yi zafi su ɗauka, hannunsa ma zafi ƙwal, sai an naɗe shi da tsumma. Mace ce ta yi maganin wannan. A 1871 wata Ba'amurkiya, Mary Florence Potts, ta fito da mariƙin katako da ake cirewa, a bar ƙarfen kan wuta, in ya yi zafi a maƙala masa mariƙin. Wanda yake ƙonewa ai shi ya san inda ake gyarawa.

Na lantarki ya zo a 1882, lokacin da Henry Seely na birnin New York ya yi rajistar nasa. Sai dai bai karɓu da wuri ba, don a wancan zamani kamfanonin wuta da dama da dare kawai suke ba da ita, saboda fitilu. Wani mai karanta mita a Kalifoniya, Earl Richardson, shi ya lallaɓi kamfaninsu ya riƙa barin wuta da rana ranar Talata, ranar gugar matan garin. Kin ga ashe ba mu muka fara jiran a kawo wuta kafin mu yi guga ba! Da matan suka koka wai tsakiyarsa ya cika zafi, a 1905 ya ƙera mai zafi a baki, don wuyan riga da gefen maɓalli. Daga nan sunan Hotpoint ya samo asali.

Aikinsa ba wani sihiri ba ne. A cikinsa akwai waya da wuta ke ratsawa da ƙyar, wannan ƙyar ɗin ke sa ta yi zafi ta gasa gindinsa. Na farkon ba su da abin da ke tsayar da zafin, sai dai ki zare filogi, in kin manta kuwa rigar maigida ta tafi, wani lokacin har da tebur. Daga shekarun 1920 aka sa masa wani siririn ƙarfe mai haɗe da ƙarafa iri biyu, in zafi ya kai sai ya lanƙwashe ya katse wuta, in ya huce ya koma. Shi ne "ƙas" ɗin nan da kike ji, ɗan fitilar ya mutu. Mai tururi ya biyo baya, shi kuma ruwa yake mayarwa tururi ya sassauta zaren.

Ki duba ɗigon da ke jikin maɓallinsa, uwargida. Ɗaya na su leshi da mayafi mai roba ne, wajen digiri 110, biyu 150, uku kuwa 200, na auduga irin atamfa. Yawancinsu suna jan wat 1,000 ko fiye, shi ya sa ƙaramin janareta yake kuka da zarar an jona shi, kuma shi ya sa na gawayi bai bar hannun masu wanki da guga ba, duk da tartsatsin da ke huda farar riga.