Zango da Gidan Horo: Hanyoyi Biyu na Gyaran Yaro a Nima da Maamobi

Wajen shekarar 1931 Malam Amadu Futa ya sami wuri daga hannun mutanen Ga, ya kafa Nima a bayan garin Akara. Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa suka yi ta sauka, har unguwar ta haɗe da Maamobi. A zamanin nan kowane baƙo yana da maigida, kowace kabila kuma tana da sarkinta. In yaro ya yi sata, ba a gaggauta kai shi wurin 'yan sanda. Sai a tara iyayensa da mai kaya a zauren sarki ko gaban liman, a biya abin da ya ɓata, a tsawata masa, sa'an nan a danƙa shi ga tela ko mahauci ya koyi sana'a.

Turawan mulki suka zo da tasu dabarar. A 1947 suka buɗe gidan horon yara a gefen Maamobi, irin na Borstal da aka fara a Ingila. Nufinsu a raba yaro da manyan fursunoni, a koya masa aikin hannu. Amma tsarewa tsarewa ce. Yaro yakan fito da tabo, makaranta ta wuce shi, maƙwabta suna nuna shi da baki.

Daga baya dokar Gana ta waiwayi tsohuwar hanya. Dokar Yara ta 1998 ta ce a kafa kwamitocin sulhu a gundumomi domin ƙananan laifuffuka. Kwamiti yana iya sa yaro ya roƙi gafara, ko ya mayar da abin da ya ɗauka, ko a sa shi ƙarƙashin kulawar wani mutumin kirki na unguwa har wata 6. Dokar shari'ar yara ta 2003 ta ba 'yan sanda ikon yin gargaɗi maimakon kai ƙara, ta kuma hana tsare yaro fiye da shekara 3, ko da laifin babba ne. A 2007 aka soma zaman kotu a cikin kurkuku domin waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a.

Sai dai gundumomi da yawa ba su kafa kwamitocin ba. Zauren maigida kuma ya yi rauni saboda cunkoso da rashin aiki. Faɗan ƙungiyoyin samari da aka yi a Nima da Maamobi cikin Janairu 2022 ya nuna abin da ke faruwa in babu babban da ake jin maganarsa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Doka ta riga ta yarda a mayar da yaro hannun unguwa. Abin da ya rage shi ne a sami dattijo ko mai sana'a da zai tsaya gaban hukuma ya ce yaron nan yana wuyansa.