Cocin Wusasa da Ogan ɗin Ikko

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu ɗaliban Hausa mun san tarihin Masallacin Juma'a na Zariya, amma kaɗan ne daga cikinmu suka waiwayi wani ginin ƙasa da ke bayan ganuwar birnin, watau Cocin St. Bartholomew na Wusasa.

Asalin labarin a Kano yake. Cikin 1900 Bishop Tugwell ya iso birnin da 'yan mishan na C.M.S., cikinsu har da Likita Walter Miller wanda ya koyo Hausa a Tarabulus. Sarki Alu bai ba su masauki ba, ya sallame su. Cikin 1905 Miller ya sami zama a birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Cikin 1929 mishan ta ƙaura zuwa Wusasa, a nan aka gina cocin.

To, mai karatu, bari mu leƙa kudu don mu gane bambanci. Babban cocin Angilika na bakin ruwa a Ikko fasalin Ingila aka yi masa. Yariman Wales ya aza harsashinsa cikin 1925, aka gama cikin 1946. Abin alfaharinsa shi ne ogan mai bututu. Wannan abin kiɗa kamar tarin sarewa ne, manya da ƙanana: ana zuga iska cikin akwati, makaɗi ya danna maɓalli, iska ta bi bututun da ya buɗe. Dogon bututu ya yi ruri, gajere ya yi zaƙi. T.K.E. Phillips ya riƙe kiɗan cocin daga 1914 zuwa 1962, a hannunsa kuwa Fela Sowande ya yi koyo.

Wusasa kuwa da kayan gida ta yi suna. Da ƙasa aka gina cocin, bisa fasalin maginan Hausa, da Hausa kuma ake wa'azi da waƙa a ciki. Cikin 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya daɗe a kansa. Garin ya reni Dokta Barau Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon. A coci-cocin Arewa, Zumuntar Mata kan raka waƙa da ganga da tulu. Iskar da Bature ya nema a bututu, su a bakin tulu suka same ta.

Ginin ƙasa sai da yaɓe, tarihi sai da rubutu. Tsofaffin da suka san waƙoƙin farko suna ta ƙarewa. Ko Musulmi ne kai ko Kirista, wannan aiki na mai nazarin Hausa ne. Allah ya ba mu iko, amin.