Daga Dillaliya Zuwa Kasuwar Mokolo: Tarihin Sayar da Tsofaffin Kayan Gida a Wurin Hausawan Yawunde

Gabatarwa

A Ingila akwai wata kasuwa da ke ci a ƙarshen mako, a filin makaranta ko na gona. Magidanci yakan tattara abin da ya gaji da shi a gida, tukwane da littattafai da kayan wasan yara, ya zuba a but ɗin mota, ya je filin ya biya kuɗin wuri, ya baje. Wannan al'ada ta yaɗu ne a shekarun 1980. Mai kaya shi ne mai sayarwa, kuma maƙwabcinsa na iya zuwa ya taya ba tare da ɗayansu ya ji nauyi ba. Bahaushe ma ya daɗe yana sayar da tsofaffin kayan gidansa, sai dai da wuya a gan shi tsaye a kansu. Wannan maƙala za ta bi sawun dalilin haka, tun daga kasuwar Kurmi ta Kano har zuwa unguwar Hausawa ta birnin Yawunde a ƙasar Kamaru.

Dillanci a Ƙasar Hausa

Kalmar "dillali" daga Larabci aka aro ta, haka ma "la'ada", wato kason da dillali ke samu bayan ciniki ya faɗa. Sana'ar tsohuwa ce a manyan kasuwanni irin su Kurmi, wadda tarihi ke jingina kafa ta ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Da Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya sauka Kano a 1824, ya lura cewa ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin tufa. Idan an kai tufar Borno aka tarar da aibi, sai a maido ta, dillali kuwa ya nemo mai ita a mayar da kuɗi. Tufafin da ya gani sababbi ne, amma ƙa'idar ta shafi tsoho da sabo: sunan dillali shi ne lamunin kaya. Wannan ya yi daidai da fiƙihun Malikiyya da malamai ke karantarwa a zaure, inda littafin Risala ya hana ɓoye aibin abin sayarwa.

A cikin gidaje kuwa, dillaliya ce ke riƙe da wannan aiki. Kasancewar matan aure suna kulle, ita ke shiga gida gida da ƙullin kaya a ka: zane, tasa, kwalla, 'yan kunne, tabarma. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna cewa cinikin da mata ke yi a bayan katanga kasuwa ce cikakkiya, ko da yake ido ba ya ganin ta.

Abin lura a nan shi ne matsayin kayan ɗaki. Kwanonin da uwa ke tara wa 'yarta tun tana ƙarama ado ne, kuma asusu ne. Ranar da ciwo ya zo, ko bikin ƙawa ya matso, ko hatsi ya ƙare, mace takan zare kwano ɗaya daga jere ta miƙa wa dillaliya. Ke nan abin da Bature ke sayarwa don ya rage tarkace, Bahaushiya tana sayar da shi ne don ta toshe wata kafa. Wanda ya gan ta da kayan a kasuwa ya san halin da gidan ke ciki. Saboda haka babban aikin dillaliya shi ne rufin asiri: tana faɗin farashi, tana faɗin aibi, amma ba ta faɗin mai kaya.

Zangon Hausawa a Yawunde

Jamusawa ne suka kafa sansanin da ya zama Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. Ba a jima ba fataken Hausawa suka iso ta hanyar Adamawa, suna kawo tufafi suna sayen hauren giwa, daga baya kuma roba da goro. Jamusawa sun rasa garin a watan Janairun 1916, Faransawa suka karɓe shi, suka mai da shi hedikwatar mulki. A zamaninsu ne mazaunin Hausawa ya tabbata a yankin da mutanen ƙasar ke kira Ekoudou, wanda ya shahara da sunan Briqueterie, ma'ana wurin yin bulo, saboda masana'antar jan bulo da aka yi a wajen tun zamanin Jamusawa.

Har yau unguwar ta yi suna da masallatai da teloli da masu sayar da atamfa da shadda, ga kuma tsire, wanda mutanen Kamaru ke kira "soya". Kusa da ita akwai Mokolo, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin birnin, sai unguwar Madagascar da ke maƙwabtaka da kasuwar. Mai karatu ya lura, sunan unguwa ne kawai, ba tsibirin nan na tekun Indiya ba.

Hausawan da suka yi zango a nan sun zo da tsarinsu: maigida mai saukar da baƙi, dillali mai haɗa ciniki, da dillaliya mai zaga gidaje. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969, inda ya nuna cewa amana tsakanin 'yan zango ita ce jarin kasuwancinsu. A baƙon wuri buƙatar rufin asiri takan ƙaru, domin ɗan zango da bashi yake juyawa, wanda kuwa aka ga yana sayar da katifarsa, gobe babu mai ba shi kaya lamuni.

Shekarun Matsi

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Kamaru ya shiga mawuyacin hali, sakamakon faɗuwar farashin man fetur da koko da gahawa. A 1993 gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Yawunde gari ne na ma'aikatan gwamnati, don haka duka ya sauka a kan kowa, daga mai albashi har tela da mahaucin da ke jiran albashin ya fito. Sabon kaya daga waje ya fi ƙarfin talaka, sai gwanjo ya zama sutura, tsohon kaya ya zama abin nema.

A wannan yanayi ne cinikin tsofaffin kaya ya bunƙasa a fili. Mokolo ta zama matattarar dilolin gwanjo, shagunan da ake kira "brocante" da Faransanci suka yawaita a unguwanni. A cikinsu ana samun firji da talabijin da faranti da kekunan yara da aka yi amfani da su a Turai, aka loda a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Duwala. Wani abin sha'awa shi ne, kayan da iyalin Turai suka kwashe daga gida don sun gundure su, irinsu ne ke zama kayan marmari a Madagascar da Briqueterie, har mai saye yakan fifita tsohon na Turai a kan sabon da ba ya ƙarko.

Sai dai wannan kasuwa ta bambanta da dillanci ta fuska biyu. Na farko, mai shago ɗan kasuwa ne da ya sayi kayan ya mallaka, ba wakilin mai kaya ba, don haka ribarsa tana cikin karya farashi ga wanda matsuwa ta kawo shi. Dillaliya kuwa, gwargwadon tsadar da ta sayar gwargwadon la'adarta. Na biyu, babu sunan kowa a cikin ƙunshi. In an kunna na'ura a shago ta yi aiki, to abin da ya biyo baya na mai saye ne.

Kammalawa

A yau wayar hannu ta buɗe sabon babi. Mace na iya ɗaukar hoton gadonta ko kujerunta ta saka a WhatsApp ko Facebook, ciniki ya faɗa ba ta fita ko ƙofar gida ba. Wannan ya rage wahala, ya kuma cire la'ada, amma ya bar tambayoyi biyun da dillaliya ke amsawa tun zamanin kaka da kakanni: wa zai ɓoye sunan mai kaya, wa kuma zai tsaya wa mai saye idan aibi ya bayyana? Shi ya sa har a wayar ma ake ganin mata masu tallata kayan wasu su karɓi kasonsu, wato dillancin dai bai mutu ba, ƙullin ne ya sauka daga ka ya koma cikin waya.

Ga ɗalibin Hausa, akwai aiki a nan. Kalmomi irin su tayi, albarka, sallamawa, la'ada, gwanjo da dila suna ɗauke da tarihin yadda al'umma ta tsara ciniki don kare mutuncin mabuƙaci. Wanda ya zauna da tsohuwar dillaliya a Briqueterie ko a cikin birnin Kano, ya rubuta yadda take yabon kaya da yadda take kauce wa tambayar "na wane ne?", zai tara abin da ƙamus bai tara ba. Sunayen masu kayan ne kaɗai ba za ta ba shi ba.