Hannun da ba a san mai shi ba

Tarihin zane a Nijar ya girmi takarda. Raƙuman dawan da aka sassaƙa jikin dutsen Dabus, a ƙasar Abzin, sun shekara dubbai, amma sunan masassaƙin ya ɓace. Haka na maginan da suka ƙawata zaurukan Birni a Damagaram. Sai ƙarni na 20 sunaye suka fara tsira: Falke Barmu, da ya soma masallacin Yama a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986, Philippe Koudjina, mai hoton dararen Yamai, da ya rasu a 2014, Rissa Ixa, mai zana rayuwar Abzinawa.

Malamai, daga Dogo-Dogo har Magarya, mu rubuta sunayen maginanmu da masu zanen ƙwarya tun suna raye.