Zare: Sauƙi ko Tsari? Tsohuwar Rigimar Masu Rubuta Manhaja

1/ Jama'a, gardamar da muke yi kullum a makaranta, ko a rubuta kod yadda ɗan koyo zai gane ko a rubuta shi gajere mai tsari, ba yau aka fara ta ba. Ku matso 🧵

2/ Misali tukuna. An ce ka tara lambobi daga 1 zuwa 100. Ɗan koyo zai sa kwamfuta ta yi ta ƙarawa ɗaya bayan ɗaya har sau 100. Gwani kuwa layi ɗaya ne: 100 sau 101, raba biyu. Duka amsar 5050 ce.

3/ A 1964, malaman lissafi biyu a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙirƙiro yaren BASIC. Burinsu ko ɗalibin tarihi ya zauna ya buga umarni, ya ga amsa nan take. Kafin nan sai ka miƙa katunan da aka huda, ka tafi ka yi ta jira.

4/ Abin ya karɓu sosai. Hajar farko da Microsoft ta sayar a 1975 ma BASIC ce, ta kwamfutar Altair 8800.

5/ Sai ga Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan. A 1968 ya soki umarnin GOTO, wanda ke sa kod ya yi tsalle zuwa kowane layi har ya harɗe kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. A 1975 ya ƙara da cewa wanda ya fara da BASIC, koya masa aiki mai kyau ya kusa gagara. Mutumin ba ya tauna magana.

6/ To ina ruwanmu? BASIC ta shiga manhajar karatun kwamfuta ta sakandare a Najeriya. Da yawanmu a Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha daga allo muka kwafi 10 PRINT, 20 GOTO 10, muka haddace, ba mu taɓa ganin ya yi aiki ba.

7/ Nan gizo ke saƙar. Sauƙin da su Kemeny suka kawo, a gwaji yake: ka buga, ka ga kuskure, ka gyara. In ba na'ura, ba sauƙin ba tsarin. Shi ya sa abokaina da dama suka ce ba su da kan wannan harka, alhali ba a ba su damar gwadawa ba.

8/ A 1991 wani ɗan Holan ɗin, Guido van Rossum, ya fitar da Python. Tana da sauƙin karantawa, amma dole ka jera layukanka daidai, in ba haka ba ta ƙi tashi. Kusan sulhu ne tsakanin ɓangarorin biyu.

9/ Ni dai in zan koya wa ƙanena, doguwar hanya zai fara rubutawa, ya kunna da hannunsa ko a waya ne, ya ga 5050. Sannan in ce ya gwada har biliyan ɗaya. In ya gaji da jira, da kansa zai nemi layi ɗayan nan.

10/ Ku da wane yare kuka fara, kuma a allo ko a kwamfuta?