Marubuci da Mutanen Karkara: Tarihin Haɗuwarsu a Ƙasar Hausa

A 'yan shekarun nan bukukuwan karatu da littattafai sun fara samun gindin zama a Arewacin Nijeriya. A 2017 aka fara bikin KABAFEST a Kaduna, bisa tsarin bikin Ake wanda Lola Shoneyin ta ƙirƙiro a Abeokuta a 2013. Sa'an nan a 2021 aka buɗe bikin HIBAF, shi ma a Kaduna, wanda ya fi mai da hankali ga adabin Hausa, a ƙarƙashin jagorancin Sada Malumfashi. Manufar irin waɗannan taruka ita ce a haɗa marubuci da mai karatu ido da ido. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne matsayin mutumin karkara a cikin wannan haɗuwa, wato mutumin gari irin Jajaye ta ƙasar Rogo, a yammacin Jihar Kano, da kuma hanyoyin da rubutu ya bi ya riske shi tun kafin a san da biki.

Wajibi ne mu fara da Nana Asma'u 'yar Shehu (1793-1864), domin tsarinta na 'Yan Taru shi ne misali mafi bayyana da muke da shi na marubucin da ya shirya wa mutanen ƙauye hanya da gangan. Takan naɗa dattijuwa ta ba ta malfa, a kira ta jaji. Jaji kan jagoranci ayarin mata daga ƙauyensu zuwa wurin Asma'u, su ɗauki karatu, su haddace waƙoƙinta, su koma gida su koyar da waɗanda aure ko raino ya hana su fita. A lura da abubuwa biyu a nan. Na farko, mutanen ƙauye sun ga marubuciyar da idanunsu, sun yi mata tambaya ta amsa. Na biyu, ba a gindaya musu sharaɗin iya karatu ba. Kunne da hadda sun wadatar. Wannan hanya ta kunne ita ce almajirai da makafi suka riƙe daga baya, suna rera waƙoƙin wa'azi irin su Imfiraji ta Aliyu Namangi a kasuwanni da ƙofofin gidaje.

Da boko ya zo, sai al'amarin ya juya. A 1933 Dokta R. M. East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malaman da za su rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar ɗin nan da kowane ɗalibin Hausa ya sani: Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Jiki Magayi da Idon Matambayi. Mai na ƙarshen, Malam Muhammadu Gwarzo, sunansa ma ya nuna maƙwabcin Ƙaraye ne. To amma waɗannan littattafai don 'yan makarantar boko aka yi su, su kuwa a lokacin ba su taka kara sun karya ba a karkara. Abin da ya ɗan cike giɓin shi ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita. Kwafi ɗaya in ya shiga gari, malamin makaranta ko malamin hakimi kan karanta a bayyane, jama'a suna saurare. Ke nan mai karantawa ya tsaya a matsayin jaji, sai dai shi bai taɓa zama gaban marubucin ba.

Babban yunƙurin hukuma na kai rubutu ƙauye shi ne Yaƙi da Jahilci, wanda aka ƙaddamar a farkon shekarun 1950, Malam Ahmadu Coomassie yana cikin jagororinsa. An buɗe azuzuwan manya a gundumomi, En'e tana ɗaukar nauyi. Da aka ga wanda ya koyi karatu zai manta in bai sami abin karantawa ba, sai aka kafa hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959. Ta buga ƙananan littattafai masu araha, na boko da na ajami, ta kuma fitar da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, da sauransu. Gundumar Ƙaraye, wadda Rogo take cikinta a wancan zamani, rabonta Sodangi ne. A ganina ba a taɓa yin lokacin da hukuma ta ɗauki mai karatun ƙauye da muhimmanci kamar waɗannan shekaru ba. Duk da haka sunan shirin kansa yana da illa, domin ya sanya mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, cikin sahun jahilai. Magana kuwa daga sama take gangarowa. An aika wa manomi abin da aka ga ya dace da shi. Matsalar kuɗi da ta rarraba littattafai ta durƙusar da NORLA, aikinta ya koma hannun Kamfanin Gaskiya, daga baya kuma NNPC da aka kafa a 1966. Gwamnatin Abubakar Rimi ta farfaɗo da azuzuwan manya a Jihar Kano da ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, amma ƙarfinta ya tafi ga koyar da karatu fiye da samar da adabi.

Abin da hukuma ta kasa, kasuwa ta yi shi. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasan marubuta a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka fito, sunayen Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka zama sanannu. Masana da dama sun raina wannan adabi, har suka laƙaba masa sunan adabin kasuwar Kano, alhali kasuwar ce sirrin nasararsa. Littafin yakan bi ɗan koli zuwa kasuwar mako, ya shiga gida, a yi ta aronsa har bangonsa ya yage, wadda ta iya karatu tana karanta wa 'yan'uwanta. Gidajen rediyo kuma suka riƙa karanta labaran kashi-kashi. Har ila yau, marubutan kan sa adireshinsu a littafi, masu karatu su aiko da wasiƙun yabo ko na suka, wani lokaci a buga su a kashi na gaba. Ta wannan hanya maganar mai karatu ta riƙa komawa ga marubuci kai tsaye.

Idan aka ɗora bukukuwan yau a kan wannan ma'auni, za a ga sun dawo da abu ɗaya, sun bar ɗaya. Sun dawo da ganin ido, kamar yadda Makon Hausa na jami'o'i ya daɗe yana yi ga ɗalibai. Amma a zauren birni ake yin su, mahalarta galibi 'yan boko ne, wani sashe na tattaunawar ma da Ingilishi. Ba dole ne biki ya zauna a birni ba. Shahararren bikin Hay na Birtaniya, wanda aka fara a 1988, a ɗan ƙaramin gari ake yin sa. Bambancin shi ne can baƙi ne ke zuwa da littattafansu da kuɗinsu. A Jajaye da makamantanta kuwa masu sauraro suna nan tun tuni, kuma tarihi ya nuna inda suke taruwa: ranar kasuwa, da dandali bayan kaka, da cikin gida wajen mata, waɗanda su ne mafi yawan masu karanta littattafan Kano, su ne kuma zauren biki ya fi yi wa nisa.