Kaka, Nana, Meme: Sunan Da Jika Yake Kira

Duk wanda ya ratsa kasuwar Adjamé ko layukan Treichville a Abidjan, zai ji ana kiran tsohuwa ɗaya da sunaye iri-iri. Ɗan Bahaushe ya ce Kaka, ɗan Baule ya ce Nanan, yaron da ya tashi da Faransanci a baki ya ce Meme ko Mami. A aikina na rediyo, masu sauraro sun sha tambayata ko waɗannan sunaye tushensu ɗaya ne.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke bin hanyar goro zuwa Salaga da Bonduku, suna cuɗanya da mutanen Akan. Da Abidjan ta zama babban birni a 1934, aka kuma buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, sai 'yan Nijar da Nijeriya suka yi ta kwararowa Treichville da Adjamé.

A wajen Akan, har da Baule, Nana ko Nanan na nufin kaka, kuma da shi ake kiran sarki. Shi ya sa ake ce wa Houphouët-Boigny, wanda ya rasu a 1993, Nanan. Haka ma Nana Yaa Asantewaa, wadda ta ja Asante yaƙi da Ingila a 1900. Mu kuma Nana laƙabin girmamawa ne ga mace: Nana Faɗima, Nana A'isha, da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. A Italiya ana cewa nonna, a Indiya nani ita ce mahaifiyar uwa.

Kada kamar nan ta sa mu yi saurin cewa wani ya ara daga wani. A 1960 masanin harshe Roman Jakobson ya bayyana cewa sautukan da jariri ke fara furtawa su ne irin ma, na, ba, da, yana maimaita su. Manya ne ke ɗaukar wannan gwarancin su raɗa wa na kusa da yaro. Bakin jariri ɗaya ne a ko'ina, amma kowace al'umma da kayan da take ɗora wa kalmar.

Akan sun ɗora mata sarauta. Bahaushe kuwa ya ɗora wa kaka wasa. Ita ce ke kiran jikanta "mijina", jikanyarta kuma "kishiyata". Yaron da ke jin nauyin uwarsa, musamman ɗan fari da uwa ba ta ko faɗar sunansa, a ɗakin kaka yake sakewa. Nan ake tatsuniya, nan ake jin sunan garin da aka baro, ko Maraɗi ko Katsina ko Tawa.

Abin da ke damuna ke nan. Meme ba laifi ba ce, amma ba ta zuwa da wannan wasa. Yaron da bai iya mayar wa kakarsa da baƙar magana cikin Hausa ba, gaisuwa kawai za ta riƙa haɗa su, sai ta yi shiru da labarinta. Iyaye na Adjamé da Treichville, ku bar yara su yi Faransanci a makaranta, amma in sun shigo gida ku tura su ɗakin tsohuwa, su ce Kaka, ta tsokane su, su rama.